Daga Gandu Zuwa Jinga: Jinyar Ma'aikaci a Wuyan Wa?

Titin da ya taso daga Kontagora ya nufi Tegina ta Beri yake ratsawa, kuma duk wanda ya bi shi da kaka, lokacin da amfanin gona ya zo gida, zai tarar da garin a tsakiyar aikinsa. Ga injinan niƙa suna ta ƙugi, ga masu faci da makanikai a bakin kwalta, ga shagunan taki da maganin feshi, ga 'yan dako suna loda buhunan masara da dawa da wake a manyan motoci. Bayan gari kuwa gonaki ne iya ganinka. Da wuya ka ga allo mai sunan kamfani a waɗannan wurare, amma kowannensu yana da maigida, yana da yara, yana da jari da riba da faɗuwa. Nan ne mutanen wannan yanki na ƙaramar hukumar Mariga suke ƙarar da ƙarfinsu, nan kuma suke kwasar yawancin ciwon da zai kwantar da su. Idan yaron injin ya fara tari, ko ɗan dako ya tashi da ƙaba, ko mai feshi ya yanke jiki ya faɗi a gona, wa zai kai shi asibiti, wa zai riƙe iyalinsa kafin ya miƙe? Shekara 50 da suka wuce ko ƙaramin yaro ya san amsa. Yau sai a yi ta kallon-kallo.

A zamanin gandu, gida da wurin aiki abu ɗaya ne. Maigida ke riƙe da gona da rumbu, shi ke ba da fartanya da garma, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa 'ya'yansa da ƙannensa auren fari. Su kuma su yi masa aiki daga safe zuwa azahar, sannan kowa ya nufi gayaunarsa. Wanda zazzaɓi ya kayar, ko maciji ya sara, ko kurkunu ya ɗaure masa ƙafa a tsakiyar damina, ba a cire kwanonsa daga cikin kwanukan tuwo. In kuma magidanci ne shi kaɗai, ya kwanta ciyawa tana neman cinye masa gona, sai a kira gayya, samarin unguwa su nome ta a yini guda su sha fura su watse. Ba a ɗaukar haka alfarma, don kowa ya san baɗi yana iya zama shi.

Haka abin yake a kasuwa da maƙera da mahauta. Yaron da aka kai wa ubangida don ya koyi fatauci ko ƙira ko ɗinki, amana aka ba da. A gidan zai ci, a zaure zai kwana, in ya yi ciwo uwargida ce za ta dama masa kunu ta jiƙa masa saiwa, in ya karye ubangidan ne zai ɗauke shi zuwa wurin maɗori. Baƙon ɗan kasuwa ma yana da mai masauki, wanda zai ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya yi jinyarsa in ciwo ya riske shi a hanya, in kuma ta Allah ta kasance ya yi masa sutura ya aika wa danginsa da dukiyarsa. Ubangidan da ya yi watsi da yaronsa a kan tabarmar jinya ya zubar da mutuncinsa, kuma a kasuwar da ake ciniki da bashi da alkawarin baki, wanda ya rasa mutunci ya rasa jari. Babu mai sake ba shi ɗa. A gefe guda ga Sarkin Fawa yana duba dabbar da za a yanka, ga duba-gari na En'e yana zagaya rumfuna da rijiyoyi, wanda har yau tsofaffi suke tuna irin shakkarsa da ake ji.

Wancan zamani bai kasance aljanna ga mai aikin ƙarfi ba, kuma ƙasar Kontagora ta san haka sarai. Masarautar da Umaru Nagwamatse ya kafa a tsakiyar ƙarni na 19 da yaƙi da kamun bayi ta ginu, ɗansa Ibrahim kuwa ya yi ƙaurin suna a kan haka har zuwa 1901 da Turawa suka ci garin. Turawan da suka zo da da'awar hana bauta su ma sun kawo aikin tilas. Da shi aka shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda aka gama a 1911, da shi kuma aka cika ramukan kuza na Jos tsakanin 1942 da 1944, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe ɗimbin mutanen da aka ɗebo daga lardunan Arewa. A cikin gandun ma ƙaramin ƙane ba shi da bakin cewa ya gaji. Magani kuwa bai wuce na wanzami da mai saiwa da asibitin sha-ka-tafi ba, shi ma sai an sha tafiya kafin a kai. Mutane sun mutu da ciwon da yau 'yan allurai ke warkarwa. Abu guda wancan tsari yake da shi wanda nake jin zafin rasawa: ɗan gida da yaron gida, kowannensu yana da mutumin da za a nuna a ce jinyarsa a wuyan wane take.

Daga shekarun 1970 al'amura suka fara juyawa da sauri. An ƙirƙiro jihar Neja a 1976, kuɗin man fetur ya shigo, taki da tarakta da babura suka iso ƙauye, samari suka gano ƙarfinsu yana da farashi a wajen gidan ubansu. Gandu ya riƙa rabewa tun maigida yana da rai. Faɗin ƙasar nan da albarkarta suka jawo manoma daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, wasu da iyalansu, wasu 'yan ƙwadago masu zuwa da damina su koma bayan girbi. Samari sun samu 'yanci da kuɗin kansu, wannan alheri ne. Amma mai gona ya tashi daga uba ko wa ya koma mai biya, ma'aikaci kuma ya zama baƙon da ba a san gidansu ba.

A nan ne jinga ta samu gindin zama. A tsaya a bakin gona a yi ciniki: daga wannan kunya zuwa waccan kaɗanya nawa za ka nome? Buhu nawa za ka loda, a nawa-nawa? Tanki nawa za ka fesa? Ga mai gona ko mai kaya babu tsarin da ya fi wannan sauƙi, don ba sai ya tsaya a kan kowa ba, ba ruwansa da abincin rana, kuma ya san abin da zai kashe tun kafin a fara. Ga ma'aikaci kuwa lissafin ya juye. Duk zaman da ya yi a inuwa daga aljihunsa ya fita. In zazzaɓi ya kama shi a tsakiyar aiki, a ba wani ragowar, kuɗin ma a raba. Da an biya shi an rabu ke nan. Ciwon bayan da zai taso masa bayan mako biyu ba ya cikin cinikin, kuma wanda ya sa shi aikin yana iya rantsuwa da gaskiyarsa cewa bai ci masa ko kwabo ba.

Mutumin da hutu ya zame wa asara dole ya nemi abin da zai hana shi jin gajiya. Shi ya sa teburin mai ƙwaya ba ya nisa da tasha da bakin kasuwa da dandalin 'yan ƙwadago. Ana farawa da abin da ake kira maganin gajiya, haɗin ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙullin leda, yawancinsu masu kashe zafin ciwo ne, irin waɗanda in aka daɗe ana sha, musamman da yunwa, suke jawo gyambon ciki su kuma lalata ƙoda. Daga nan sai tiramol. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 kuma irin su tiramol suke sha ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Mun saba ɗaukar wannan a matsayin lalacewar tarbiyya, mu yi wa'azi, mu kira hukumar NDLEA. Akwai lalacewar tarbiyya, ban musa ba. Sai dai da yawa daga cikin samarin nan neman gama jinga ne ya kai su teburin, maye daga baya ya zo. Mai gonar da ya ga yaro ya yi aikin mutum uku a yini ɗaya, ya yaba masa da ƙwazo, ya san abin da ya gani ko bai faɗa ba.

Babu abin da ya sauya noma a wannan yanki kamar maganin ciyawa. Gonar da a da sai an tara gayya kafin a nome ta, yau saurayi ɗaya da injin feshi a goye zai gama da ita kafin la'asar. Da shi aka faɗaɗa gonaki, da shi masara ta yawaita, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma fartanya zalla. Amma a dubi mai feshin. Da hannu yake haɗa maganin, wani lokaci ma da hannun yake motsa shi. Tankin yana yoyo a gadon bayansa, riga ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. In bakin injin ya toshe, ya cire ya sa a baki ya hura. Silifas ne a ƙafarsa, yana taka ciyawar da ya fesa yanzun nan, iska kuma tana maido masa da feshin a fuska. In ya tashi sai ya sha madara ko nono ko manja, don an gaya masa suna kashe dafi. Ba sa kashewa. Cikin magungunan da aka daɗe ana sayarwa a shagunanmu akwai farakwat, wanda manoma suka fi sani da Gramoxone. Kurɓi ɗaya yana iya kisa, kuma har yau likitoci ba su da makarinsa. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da janye shi daga kasuwa, amma sanarwar da aka yi a Abuja takan daɗe ba ta iso kantar mai shago ba. Jarkar da maganin ya ƙare kuwa sai a ɗauraye a zuba ruwan sha ko man gyaɗa.

Safar hannu, dogon takalmin roba, takunkumin hanci, sabulu da bokitin ruwa a bakin gona, gaba ɗayansu ba su kai kuɗin maganin da babbar gona ɗaya ke sha ba. Na sha jin masu gona suna cewa ko an saya yaran ba sa sawa, wai zafi. Gaskiya ne akwai zafi, gaskiya ne kuma wanda ake biya bisa yawan tanki ba zai so abin da zai rage masa sauri ba. To amma wa ya tsara biyan? Mai gonar da ya ce a yi feshi da sanyin safiya kafin iska ta taso, a tsaya in rana ta take, ya kuma ƙi ba da aikin ga wanda ba zai rufe jikinsa ba, zai ga yaran sun sa.

Dafin yana bin hatsi har sito. Mai ajiyar wake yana tsoron ƙwari, sai ya yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper, ko ya jefa ƙwayar nan mai fitar da iskar guba a tsakanin buhuna ya ja ƙofa. Wa ke kwana a ɗakin da ke jikin siton, ko a cikinsa ma, don gadi? Yaron shago. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a cikinsa, wato abin da ke shiga huhun yaron nan shi ne ya rufe wa 'yan kasuwar ƙasar baki ɗaya ƙofar ciniki. Alhali ga buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma tun 2007. In an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba ɗigon magani. Ya fi buhun da aka saba tsada, shi ya sa wasu ke gudunsa.

Masu injin niƙa da na casa, nasu ciwon a hankali yake zuwa. Ƙurar ƙaiƙayi da ta gari tana taruwa a ƙirji shekara da shekaru, ƙarar injin tana cin kunne har mutum ya wayi gari sai an ɗaga murya yake ji. Bel ɗin da ba a yi wa murfi ba kuwa nan take yake nasa, ya kama hannun riga ya tafi da yatsu. Abin da ke ba ni takaici, mai injin ya san ranar da zai canza baƙin mai, da ya ji ƙara ta sauya zai kashe ya kira makanike, amma yaron da ya yi wata shida yana tari a gaban injin bai taɓa ce masa je ka a duba ka ba. Sau da yawa mutumin kirki ne. Injin dai da kuɗi ya saye shi, yana cikin lissafi, yaron kuwa in ya kwanta gobe wani zai zo neman aikin.

Wanda yake son ganin inda wannan sakaci ke kaiwa ba sai ya yi nisa ba. A ƙaramar hukumar Rafi, maƙwabciyar Mariga, yara 28 suka mutu a 2015 a Shikira da ƙauyukan kusa da ita saboda gubar dalma. Iyayensu masu haƙar zinare ne. Su kawo dutsen cikin gari, a daka, a niƙa, ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, ta shiga kwanon abinci. Shekara 5 kafin nan, a 2010, irin wannan guba ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, labarin ya zagaya duniya, amma darasin bai ƙetaro iyakar jiha ba. Yaran nan ba su taɓa shiga rami ba, aikin iyayensu ne ya biyo su har ɗaki.

Abin da aka yi a Shikira bayan haka ya kamata kowane mai sana'a ya sani. An kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje an zuba sabuwa, likitocin ƙungiyar MSF suka yi wa yara magani. Amma sun san in ba a taɓa yadda ake aikin ba gubar za ta dawo, kuma cewa mutane su daina haƙar zinare magana ce da ba mai saurara. Sai aka zauna da mahaƙan su kansu. Aka fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje, aka sa wa injinan abin fesa ruwa don ƙura ta kwanta, aka tanadi wurin wanka da canza tufafi don kada mutum ya koma gida ya rungumi ɗansa da rigar aiki. Da aka auna, dalmar da ke cikin iskar wurin aikin ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100. Ruwa ne fa, da sabulu, da shawarar inda za a girke injin, kuma ba a rufe sana'ar kowa ba.

Shanun da ake lodawa a kasuwar Mariga da sauran kasuwannin yankin zuwa Kudu ba su kaɗai suke tafiya ba. A saman motar, kan katakon da aka gitta, akwai samarin da aikinsu shi ne su tayar da saniyar da ta faɗi kada 'yan'uwanta su tattake ta. Su yi kwanaki a sama, rana ta dake su, raɓa ta dake su. Direban kuma bisa sawu ake biyansa, don haka barci a wurinsa asara ne, sai goro da shayi mai kauri da ƙwaya. A watan Satumban 2024 tankar mai ta yi karo da motar shanu a yankin Agaie, aƙalla mutum 48 suka ƙone tare da shanu kusan 50. Aka yi ta'aziyya, aka ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma Alhajin da ya yi wa shanunsa allura kafin lodi, ya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ya san kuɗin kowane sa, ai bai sakar wa ƙaddara su haka kawai ba. Addininmu ya yi maganar haƙƙin ɗan aiki dalla-dalla, har da hana ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, kuma malamanmu sun san wannan babi. Na so a ce ana jin sa a huɗuba kamar yadda ake jin babin riba da tauye mudu.

A takarda, gwamnati ta cike gurbin da gandu ya bari. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a bakin aiki, ko a biya magadansa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce dole kowa ya shiga inshora, jihar Neja kuma tana da nata shirin mai suna NiCare. Dokoki ne masu kyau, amma daidai jikin mai albashi aka ɗinka su, mai takardar ɗaukar aiki da asusun banki. Ƙididdigar gwamnati da kanta ta nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa cikin wannan sahu, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fita kai tsaye. A Beri ma'anar wannan ita ce a sayar da akuya, sannan buhun da aka ajiye don iri, sannan babur, kafin a kai mutum babban asibitin Kontagora, in abin ya faskara a ce sai Minna ko Bida ko Zariya.

Sai kuma tsoro, wanda babu dokar ƙwadago da ta hango shi. Tun da 'yan bindiga suka addabi Mariga da Rafi da maƙwabtansu, zuwa gona ya zama sayar da rai. A ƙarshen watan Mayun 2021 aka kwashe ɗimbin yara daga makarantar Islamiyya ta Salihu Tanko a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A watan Satumba na shekarar gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin dabbobi na mako-mako, dillalai da 'yan dako da masu abinci, duk wanda cinsa ke rataye da ranar kasuwa, ya zauna. Manomi yana huɗa yana waige. Ka tambayi mutum jiki ya ce da sauƙi, in kun daɗe kuna hira sai ya ce barci ne ba ya samu, gabansa ke yawan faɗuwa. Mukan ce tunani ne, mu yi masa addu'a mu wuce, alhali ciwo ne mai magani, kuma da shi direba ke hawa mota, da shi makanike ke ɗaure birki.

Maigidan shi ma bai tsira ba. Ɗan kasuwarmu shi ne manaja, shi ne akawu, shi ne mai bin bashi, daga asuba zuwa bayan isha'i, kwana bakwai a mako, ba ya yarda ya bar wa kowa makulli. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa aikin sa'a 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya. Mai shago a bakin titin Beri kuwa cikin kwana huɗu yake cika sa'a 55. Kusan ɗaya cikin uku na manyan Najeriya suna da hawan jini, da yawansu ba su sani ba sai ranar da suka faɗi. A ranar ce ake gane cewa duk kasuwancin a kansa yake: wa ake bi, wa ke bi, nawa aka ba wane ya sari masara a ƙauye, ba a rubuta ko ɗaya ba. Masu gaskiya su kawo, marasa gaskiya su yi shiru, yaran da ke ci a ƙarƙashinsa su watse. Littafin lissafi, da horar da yaro ɗaya da za a iya bar wa shago, da ranar hutu guda a mako, suna tsare jinin maigida kamar yadda suke tsare dukiyarsa.

Abin da bai mutu ba a cikinmu shi ne karo-karo. Da an ce wane yana asibiti za ka ga an zagaya rumfa-rumfa, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Direbobi, 'yan acaɓa, 'yan dako, mahauta, masu hatsi, kowane rukuni yana da shugaba, kuma yawancinsu suna karɓar kuɗin ƙungiya kullum ko duk ranar kasuwa. Mun iya haɗa kuɗi in abu ya riga ya faru. Irin kuɗin nan ne zai iya sa 'yan ƙungiya cikin inshorar jiha a dunƙule, ko ya zama asusun jinya mai rubutacciyar ƙa'ida, wanda ba sai mutum yana da farin jini za a taimake shi ba. Na'urar awon jini ba ta kai kuɗin tayar tirela ɗaya ba, kuma ma'aikacin asibitin gari zai iya zama da ita a rumfar Sarkin Kasuwa ranar kasuwa. Ƙungiyar direbobi ce ke riƙe da layin lodi, tana iya hana wanda ya iso yanzu bai runtsa ba sake ɗaukar kaya. 'Yan dako suna iya cewa buhu mai kilo 100 sai mutum biyu ko baro. A 2020, lokacin korona, cikin 'yan makonni bokitan wanke hannu suka bayyana a ƙofar shaguna da masallatai a garuruwa da dama, don shugabanni sun ce a yi.

Masu feshi da 'yan jingar da ke zuwa daga nesa su ne ba su da ƙungiya, ba su da shugaba, wani ma mai gonar bai san sunansa na yanka ba. Lafiyarsu tana hannun mai shagon da ke sayar da magani, wanda ya kamata ya karanta wa mai saye abin da ke jikin kwalba, ya kuma ajiye safar hannu kusa da ita. Tana hannun malamin gona, wanda a shekarun shirin raya noma na Bankin Duniya yake zagaya ƙauyuka a kan babur, yau kuwa sai a yi damina ba a gan shi ba. Fiye da kowa tana hannun mai gonar. Dagaci da mai unguwa da Sarkin Noma suna da ikon sa ƙa'ida mai sauƙi: duk wanda ya ɗauki baƙo aiki ya rubuta sunansa da garinsu da lambar wani ɗan'uwansa, in ya ji ciwo a gonar mai gona ne zai kai shi asibiti ya biya maganin farko. Akwai masu gonar da suke yin haka tun yanzu ba wanda ya sa su, kuma 'yan ƙwadago sun san su ɗaya-ɗaya. Ƙofarsu ake fara zuwa in damina ta faɗi, lokacin da kowa ke neman masu aiki.